Ba Kowane Gardi Ke Zama Gwani Ba

A tsangaya ba a ɓoye wa kowa matsayinsa. Yaro yakan zo yana kolo, a fara masa da babbaƙu, a wuce da shi farfaru. Ya ɗan tasa ya zama titibiri, ya kawo ƙarfi a kira shi gardi. Zuwa nan shekaru ne ke tura mutum gaba, da mai kaifin kai da mai nauyin kai duk tafiyarsu ɗaya. Daga gardi ne hanya take tsukewa. Ba a ce wa mutum alaramma sai ya haddace izu 60 ya kuma iya rubuta su da ka, wato ya yi satu. Gwani kuwa sai wanda alarammomi da kansu suka sallama masa: ya san harji, a jefa masa kalma ya faɗi sau nawa ta zo da wuraren da ta zo, ya san inda alif yake tsaye da inda aka share shi a rubutu, ba ya kuma tuntuɓe a ayoyin da suka yi kama da juna. Can sama da shi ake ambaton gangaran, wanda ko a kirarinsa cewa ake yi ya fi gwani.

Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san 'yan kaɗan ne suke kaiwa can. Mafi yawa a tsakiya suke tsayawa: sun yi sauka, sun haddace wani sashe ko ma duka, amma haddar tana da rauni. Su ne daga baya za ka tarar suna ɗinkin hula, suna awo a kasuwa, suna biya wa yara allo a zaure bayan sallar asuba. Ba a yi musu kirari, ba a kuma tambayarsu yadda suka ji ranar da suka gane iyakarsu. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Abin da na yi da wannan ganewa shi ne kuskuren da ya fi tsaya mini a rai, domin ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ina ƙarami mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya danƙa ni a hannun malaminmu muka yi gabas, domin tun zamanin da ƙasar Barno ake nufa in ana neman hadda. Da riwayar Warshu muka tashi, irin rubutun nan mai kauri, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya. Ban yi lalaci ba, wannan kam ina iya rantsuwa a kai. Na yi zaman kiskadi a bayan gari, na sha sanyin hunturu a gefen wutar kara, na yi tilawa har muryata ta dushe. Na kai ƙarshen izu 60 da ka. Matsalar ta bayyana ne da na fara satu. Ana rubuta sumuni a allo ba tare da an duba takarda ba, a kai shi darasu, alarammomi su zagaye shi suna bi kalma bayan kalma. Allona bai taɓa fita lafiya ba. Ina cikin labarin Banu Isra'ila a Baƙara sai in faɗa cikin ɗan'uwansa na A'arafi ban sani ba. Ƙissar Annabi Musa ta Ɗaha da ta Namli da ta Ƙasasi sukan cakuɗe mini. Inda ake son wau sai in sa fa. A gyara mini yau, in sake a wani makon.

Akwai wani gardi da na girme shi, daga wajen Haɗejiya ya zo. Ya fi ni barci, ya fi ni hira, amma allonsa yakan zagaya darasu ya dawo babu inda aka taɓa. Na daɗe ina kallonsa kafin in yarda da abin da idona ke gani: abin da yake da shi ba da kwanan zaune ake samunsa ba. Wata rana bayan an watse na tsaya a gaban malaminmu na ce, "Alaramma, Allah ya gafarta maka, anya ni zan kai?" Bai rarrashe ni da ƙarya ba. Ya ce, "Gwaninta baiwa ce, ba zan yi maka alkawarinta ba. Amma abin da ka ɗauka kada ka ajiye. Ka riƙe tishe." Magana biyu ya faɗa mini. Ta farko na ɗauka na tafi da ita gida, ta biyu na baro ta a inda ya faɗe ta.

Ba zan ce yarda da iyakata sharri ce zalla ba, don ta yi mini rana. Kafin wannan lokaci hassada ta fara cin zuciyata. In aka yabi yaron Haɗejiya sai in ji abinci ya fita raina, har nakan kasa kunne a darasu ina fatan a kama shi da kuskure ko da na wasali ɗaya ne. Wannan mugun hali ne ga mai ɗauke da Alƙur'ani, na kuma san haka tun a lokacin. Da na sallama cewa ya fi ni, kuma zai ci gaba da fi na, sai na sami damar jin daɗin karatunsa kamar kowa. Na kuma ga abin da ƙin sallamawa ya yi wa wasu. Na san gardawan da suka ƙi yarda cewa suna da iyaka, suka tsufa suna yawo daga wannan tsangaya zuwa waccan, babu sana'a, babu iyali, kullum laifin na malamin da ya ɓoye musu sirri ne ko na abokin da ya yi musu asiri. Wasu suka shiga neman maganin hadda wurin duk wanda ya ce yana da shi. Mutum irin wannan bai huta ba, bai kuma bar na kusa da shi sun huta ba. Saboda haka in wani ya ce mini sanin iyaka alamar girma ce, ba zan musa masa ba.

Inda na ɓata shi ne abin da na shigo da shi a bayan wannan gaskiya. Na dawo gida, na shiga karatun boko da girmana, na sami aikin koyarwa, na yi aure. Ba a rana ɗaya na bar tishe ba, ba kuma na tuna wani lokaci da na zauna na yanke shawarar bari. Izu biyun da nake yi kullum suka koma ɗaya. Ɗayan ya koma rabi, a ranar da na sami sarari. Daga baya sai Kahfi ranar Juma'a, sai kuma watan azumi in buɗe mus'hafi in bi da ido. Duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni, amsa tana nan a shirye: ai ni ba gwani ba ne, me za a fasa in na bari? Jama'a kuma suka taya ni. In aka gabatar da ni a taro aka ce mahaddaci, sai in yi maza in ce a'a, mu ƙananan almajirai ne, gwanaye suna can. Sai a ce Malam ba shi da girman kai, Malam akwai tawali'u. Yabon ya yi mini daɗi, ya kuma rufe mini ido. Tawali'un gaskiya yakan sa mutum ya ƙara riƙe aikinsa don ya san bai kai ba. Nawa kuwa izinin kwanciya ya ba ni.

Da abin ya tsaya a kaina, da tsakanina da Ubangijina ne. Amma ina da ɗa wurin yayata, yaro mai natsuwa, wanda aka sa a makarantar haddar zamani, irin waɗanda suka yawaita a biranenmu, inda ake karatu da riwayar Hafsu da tajwidi. Zamaninsu ba irin namu ba ne. Tun 1986 da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta fara shirya musabaƙar ƙasa, hadda ta sami wani sabon ma'auni. Ana tacewa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, a matakin izu 10 da 20 da 40 da 60, wanda ya yi fice a tura shi gasar duniya a Makka, gwamnoni su ba da mota da kujerar Hajji. Alherin musabaƙa ba ya ɓoyuwa: ta gyara karatun mutane masu yawa, ta kuma buɗe wa 'yan mata ƙofar da a da ba ta buɗe sosai ba. Sai dai ta sa wasu iyaye sun fara auna yaro da abin da alƙalai suka ba shi. Wanda ba a zaɓa ba sai a ga kamar ɓata lokaci yake yi.

Ɗan yayata ba a taɓa zaɓarsa ba. Yana haddacewa, amma a hankali, yana kuma zubarwa. Sa'o'insa suka yi masa nisa. Mahaifinsa ya fara maganar a cire shi a kai shi shago, yayata ba ta so, sai suka ce a tambaye ni tunda ni ne na yi gabas. Na saurari karatunsa, na ji yana tuntuɓe a irin wuraren da nake tuntuɓe, har raina ya sosu. Sai na ce, "Yaya, yaron nan irina ne. Kada a wahalar da shi. Ba kowa Allah ya yi wa wannan baiwar ba, gara a gane da wuri." Na faɗe ta da murya mai taushi, ina jin cewa tausayi nake yi, ina jin cewa hikimar da na sha wuya kafin in samu ce nake ba su kyauta. Yaron yana zaune a bakin ƙofa yana ji. A wannan zangon aka cire shi, alhali ya wuce sulusin Alƙur'ani da ka.

Hukuncin da na yanke masa ya fi wanda na yanke wa kaina muni ta fuska biyu. Ni sai da na kai ƙarshe, na gwada satu, na zauna gaban masana suka auna ni, kafin in ce ga iyakata. Shi kuwa bai ko balaga sosai ba, a zama ɗaya na auna shi, kuma wanda ya auna shi mutum ne da haddarsa ta riga ta zube. Sannan ko da a ce na yi daidai cewa ba zai taɓa hawa mumbarin musabaƙa ba, me ya haɗa wannan da barin karatu? Tambayar da aka yi mini ita ce ko ya ci gaba. Ni kuma na amsa wata tambaya dabam, wato ko zai yi fice. Na daɗe da haɗa waɗannan biyun a kaina har na daina ganin tsakaninsu.

Wanda ya raba mini su wani dattijo ne a unguwarmu, tela, da yake tsayawa a sahun farko bayan liman. Na daɗe ina lura cewa in aya ta ɓace wa liman a tarawihi ko tahajjudi, muryarsa ce take fitowa a hankali ta ɗora shi a hanya. Wata shekara limamin ya yi rashin lafiya a goman ƙarshe, aka waiwayo ni aka ce ga wanda ya yi gabas. Na san abin da ya rage a kaina, na ba da uzuri, kunya ta rufe ni. Dattijon nan aka tura gaba. Muryarsa ba ta da zaƙi, yakan tsaya ya koma baya ya sake ɗaukowa, amma ya kai mu har aka sauke. Bayan salla na bi shi shago na ce, "Baba, ashe gwani muke da shi a unguwa ba mu sani ba." Ya ce, "Wane ni, Malam. Ni a tsangayarmu ina cikin na baya. Satu ma ban iya gamawa ba. Izu biyu dai nake yi kullum, ɗaya kafin in buɗe shago ɗaya bayan isha'i, wata ya ƙare in sauke in koma. Mai kai irin nawa in ya saki kwana uku, sai ya nema ya rasa."

Maganar da nake faɗa ita ce yake faɗa, kusan kalma da kalma: ni ba gwani ba ne. Ni na mai da ita dalilin bari, shi ya mai da ita dalilin da ya sa ba zai iya bari ba ko na kwana uku. A wajen baiwa ba na jin ya fi ni, wataƙila ma na ɗan fi shi a lokacinmu. Amma yau shi yake da Alƙur'ani a ka, unguwa guda tana sallar dare a bayansa, ni kuwa sai labarin cewa na taɓa yi.

Tun daga nan nake auna wannan magana duk inda na ji ta, a bakin malamin makaranta, ko tela, ko ma'aikacin asibiti, ko marubuci, domin ba a tsangaya kaɗai ake faɗarta ba. Ba na tambayar ko gaskiya mutum ya faɗa, don sau da yawa gaskiyar ce. Abin da nake dubawa shi ne yadda aikinsa ya koma bayan ya faɗe ta. Malamanmu sun koya mana ƙana'a a kan abin da yake shigowa hannun mutum: abinci, sutura, dukiya, suna, yabon jama'a. Ban taɓa jin malamin kirki ya ce a yi ƙana'a a kan aikin da yake fita daga hannun mutum ba. Dattijon nan ya haƙura da sunan gwani, ya haƙura da kirari, bai haƙura da izu biyunsa ba. Ni kuwa aikin na sallama, sunan kuma ban sake shi duka ba, tunda ina jin daɗi a ce wanda ya yi gabas. Wanda ya yarda da iyakarsa da gaske yakan zama mai sauƙin gyara, yana tambaya, yana murna da na gaba da shi. Wanda ya miƙa wuya kawai yakan ƙi a taɓo zancen, yana kuma son ya ga wasu sun tsaya inda ya tsaya don kada tsayuwarsa ta zama abin tambaya. Ina tsoron cewa har da wannan a cikin abin da ya sa na ce wa yayata yaron irina ne.

Akwai wani rarrashi da ake yi wa irinmu wanda na daina karɓa. Akan ce kowa da fanninsa, in ba ka yi fice a nan ba za ka yi a can. Akan kawo labarin Sibawaihi, wanda ya zauna a Basra yana neman hadisi wurin Hammadu ɗan Salama, ya yi kuskuren nahawu malamin ya gyara masa, abin ya dame shi har ya koma wurin Halilu ɗan Ahmad, daga ƙarshe ya bar littafin da masu nahawun Larabci suke komawa gare shi har yau. Labari ne mai kyau, amma Sibawaihi ɗaya ne. Yawancinmu babu wani fanni da yake jiranmu mu zama limamansa. Ni da na bar tsangaya ban zama gwanin boko ba, malamin makaranta ne matsakaici, kamar yadda na kasance gardi matsakaici. In darajar aiki sai an yi fice, to mafi yawan bayin Allah ba su da dalilin tashi da safe. Kuma ba haka addininmu ya koyar ba. Hadisin Nana A'isha da yake cikin Buhari da Muslim ya ambaci gwanin karatu da babban matsayinsa, sannan ya juyo kan mai karantawa da ƙyar yana shan wahala ya yi masa bushara da lada biyu. Na san wannan hadisi tun ina gardi, na sha karanta wa ɗalibai shi. Ban tuna da shi ba a ranar da yaro mai karantawa da ƙyar yake zaune a bakin ƙofa yana jiran abin da zan ce.

Garuruwanmu ma ba gwanaye ne suka riƙe su ba, don ba su da yawan da za su isa. Alƙur'anin da ya shiga kowane lungu na ƙasar Hausa, matsakaitan malamai ne suka kai shi, masu zaure da 'yan alluna, waɗanda ba a san sunansu a gari na gaba ba. Gwanin ma a hannun irinsu ya koyi babbaƙu. In duk wanda ya gane ba zai yi fice ba ya ajiye, babu wanda zai rage ya tarbi yaron da zai yi ficen.

Na koma tishe, ban kuma sami abin yadda na bar shi ba. Akwai surorin da suka dawo da sauƙi, akwai waɗanda sai da na sake ɗaukarsu kamar ban taɓa gani ba, kuma kan mai furfura ba ya riƙo kamar na gardi. Dattijon tela ne yake saurarena, har yanzu kuma Baƙara da A'arafi suna cakuɗe mini a wurin da suka saba.

Ɗan yayata yanzu magidanci ne, yana sayar da kayan waya a kasuwa, yana kuma rufa wa kansa asiri. Na same shi a shagonsa na ce masa na zo neman gafara, na faɗa masa dalili. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai ni murna na yi ranar da aka cire ni, don na gaji da zama na baya a aji. Amma da ka ce in ci gaba da na ci gaba, domin a kan karatu maganarka kaɗai nake ji. Da ka ce ni irinka ne, sai na ɗauka iyakar ke nan." Ya ce ya yafe, na kuma yarda har zuciyarsa ya faɗa. Na tambaye shi abin da ya rage masa, ya ce izu biyun ƙarshe da 'yan surori. Na ce ya riƙa zuwa bayan isha'i mu yi tare, ko sumuni ɗaya ne a mako. Ya ce zai duba, kasuwa ba ta barin mutum. Har yanzu bai zo ba, ni kuma ba ni da bakin matsa masa, sai dai duk ranar da muka haɗu a gidan yayata nakan sake tuna masa. Babban ɗansa ya isa shiga makaranta bana, ya kuma ce mini ta hadda zai sa shi. Na roƙe shi abu ɗaya: in yaron ya zo da nauyin kai, kada ya kawo shi wurina ko wurin wani a yanke masa hukunci, ya nema masa malami mai haƙuri ya bar shi ya yi ta tafiya.